Wa ke narkewa: mai kunna kyandir ko wanda aka kunna dominsa?

Tambaya: Wanda nake so ya janye jiki daga gare ni, ya daina kira, ya daina amsa saƙo. Abin da ke ɗan rage mini zafi shi ne karanta waƙoƙin bege da kallon tsofaffin zane-zanen da ake nuna mutum zaune gaban kyandir. Kwanan nan na ga masu koyar da sihirin kyandir a intanet: a sami ja ko ruwan hoda, a rubuta sunan mutum a jikinsa, a shafa masa mai, a kunna dare bakwai, wai zai dawo da ƙafarsa. Ashe ba shi ne abin da mawaƙa ke yi da kalmomi ba? Ina asalinsa, kuma yana ci?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Kin lura da abin da masu nazarin adabi suka daɗe suna magana a kansa. Waƙar bege da asirin jawo masoyi daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, kuma gugansu ɗaya ne, wato kakin da ke narkewa a gaban wuta. Inda suka raba hanya shi ne a kan wanda ake so ya narke. A waƙa mawaƙin ne ke narkewa, ya bar wanda yake so yadda ya same shi. A asiri kuwa mai kunnawa wancan yake so ya narke, ko yana so ko ba ya so.

Bari mu fara da dalilin da ya sa kyandir ya shiga bakin mawaƙa tun farko. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya yi wa matasa laccoci shida a Landan a kan kyandir kaɗai, aka buga su a littafi a 1861. Ya nuna yadda zafi ke narkar da kakin da ke kewaye da lagwani har ya zama ɗan kwano, lagwani ya tsotsi narkakken ya hau da shi sama, ya zama tururi, tururin ne kuma ke cin wuta. Ke nan kyandir ba ya ba da haske sai da cin jikinsa. Abin da ya kwararo ta gefe ya daskare ya bar sawu irin na hawaye, tsawonsa kuma yana raguwa a kan idon mai zaman jira. Mutumin da bege ya hana barci, in ya waiwaya cikin ɗakinsa, ba zai ga abin da ya yi kama da shi kamar wannan ba.

Mawaƙan ƙasar Sin na zamanin daular Tang sun riƙe wannan sosai. Du Mu, wanda ya rayu daga 803 zuwa 852, ya yi baitocin bankwana inda ya ce a daren rabuwa ko murmushi ya gagare shi, sai kyandir ya ɗauke musu kukan, yana zubar da hawaye a madadinsu har gari ya waye. Takwaransa Li Shangyin, da ya rasu wajen 858, shi ne ya ce tsutsar siliki ba ta daina fitar da zare sai ta mutu, kyandir kuma hawayensa ba ya bushewa sai ya zama toka. Amma wata gajeriyar waƙarsa ta fi wannan taɓa ni. Yana can yankin da ake kira Sichuan a yau, ruwan dare yana cika tafkuna, an aiko ana tambayarsa ranar dawowa, shi kuma bai san ranar ba. Abin da ya yi fata kawai shi ne wata rana su zauna bakin tagar yamma, suna datse lagwanin kyandir tare, yana ba da labarin wannan daren ruwan. Mai karatu na yau zai iya wuce wannan bai ji komai ba, domin lagwanin zamaninmu kitsattse ne, yana lanƙwashewa ya ƙone kansa, kuma a Faransa aka ƙirƙiro shi a shekarun 1820. Na da sai an riƙa datse shi a kai a kai, in ba haka ba ya yi ta hayaƙi hasken ya dushe. Mutum biyu da suka datse lagwani sau da yawa a dare ɗaya, hirarsu ta kai tsakar dare ke nan. Iyakar abin da wannan mutumin ya roƙa ke nan daga duniya.

A Farisa da ƙasashen Larabawa hoton ya sami abokin tafiya, wato faɗa-wuta, ƙwaron nan da ke zagaye fitila da dare. Hallaj, wanda aka kashe a Bagadaza a 922, yana cikin na farko da suka yi amfani da shi wajen bayanin neman kusanci da Allah. Bayansa Fariduddin Attar na Nishafur ya ba da labarin ƙwari uku da aka aika su gano kyandir: na farko ya hango shi daga nesa ya dawo da bayani, na biyu ya taɓa wutar da fiffikensa ya dawo, na uku ya faɗa ciki ya yi ja kamar wutar, sai babbansu ya ce wannan ne kaɗai ya sani, ga shi kuma ba zai dawo ya faɗa ba. Sa'adi na Shiraz, a littafinsa Bustan na 1257, ya juya labarin ta fuskar da na fi so. Faɗa-wuta ne ya ce wa kyandir, ni ne masoyi, ƙonewa ta dace da ni, kai kukan me kake yi? Kyandir ya ce an raba shi da zuma ne, abokiyarsa mai zaƙi. Kin san kaki daga saƙar zuma ake tace shi. Ya ƙara da cewa, kai fiffike kawai ka ƙona ka gudu, ni ina tsaye ina ci daga kai har ƙafa. Wato wanda muke ɗauka shi ne abin so, mai haske, wanda ba ruwansa, shi ma yana ɗauke da nasa rashin. Wannan shi ne tausayi a waƙa: mawaƙi ya tsaya ya tambayi halin da ɗayan yake ciki. Hoton ya ƙetara har Jamus, inda Goethe, bayan ya karanta fassarar waƙoƙin Hafiz, ya rubuta tasa waƙar ta faɗa-wuta da kyandir a 1814.

Wani abin da ya kamata ki sani game da ƙwaron: a 2024 wasu masu bincike, ciki har da na Imperial College ta Landan, suka ɗauki motsin ƙwari a gaban fitila da kyamarori masu sauri. Suka gano cewa ƙwaro yana juya bayansa ne ga inda ya fi haske, domin a ɗabi'arsa sama ce ta fi haske, da ita yake gane sama da ƙasa. Fitila sai ta rikita shi, ya ɗauke ta a matsayin sama, ya yi ta zagaye ya kasa fita. Ina ganin wannan bayanin ya fi kusa da halin mai bege fiye da yadda mawaƙa suka zata, kuma zan so ki riƙe shi zuwa inda za mu yi maganar dare bakwai.

A fagen zane, in kina son ganin taushin zuciya da idonki, nemi aikin Georges de La Tour, mutumin yankin Lorraine da ya rayu daga 1593 zuwa 1652. An manta da shi fiye da shekara 250, sai a 1915 wani masani Bajamushe, Hermann Voss, ya sake fito da sunansa. Akwai zanensa na jariri sabon haihuwa a gidan tarihi na birnin Rennes. Uwa ce sanye da jar riga, riƙe da jariri naɗe cikin zani, idanunta a ƙasa. Gefenta wata mace ta riƙe kyandir, ta ɗaga ɗaya hannun ta kare shi, har mu masu kallo ba ma ganin harshen wutar. Hasken ya sauka a goshin jaririn da ɗan hancinsa, bayansu kuwa duhu ne, ba taga, ba kayan ɗaki. Ki daɗe a kan wannan hannun. Yana kare wutar daga iska, bai kama komai ba, bai jawo komai ba, tafin a buɗe yake. A wani zanensa da ke gidan tarihi na Metropolitan a New York, mace ce zaune ta kau da fuska daga gare mu, gabanta kyandir da madubi, sai wutar ta zama biyu, ɗaya ta gaske ɗaya inuwa. Duk wanda ya taɓa son mutum sannan ya gane rabin abin da yake so hoton da ya zana ne a ransa, zai gane zaman matar nan.

Yanzu ga asirin. Narkar da kaki don jawo masoyi tsohon abu ne, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin bayanansa a cikin waƙa yake. Theocritus, mawaƙin Girka ɗan tsibirin Sisili, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta waƙar wata budurwa Simaetha, wadda saurayinta Delphis ya yi kwana goma sha biyu bai leƙo ta ba. Da dare ta tashi baiwarta, suka hura wuta. Ta watsa sha'ir, ta ƙona ganye, ta jefa wani zare daga gefen mayafinsa, ta narkar da kaki tana cewa yadda wannan ke narkewa haka shi ma ya narke da so. Tsakanin kowane aiki tana maimaita kira ɗaya, a jawo mata mutumin nan zuwa gidanta.  Sai baiwar ta fita, ta rage ita kaɗai da wata a sama, a nan waƙar ta sauya. Ta daina ba da umarni, ta fara ba watan labari: ranar da ta fara ganinsa a hanya, yadda zazzaɓi ya kwantar da ita kwana goma, yadda jikinta ya yi sanyi ranar da ya fara taka bakin ƙofarta. Da ta gama, ta ce in ya ci gaba da ɓata mata rai ƙofar lahira zai ƙwanƙwasa, sai ta yi wa watan sallama, ta ce za ta ɗauki begenta yadda ta saba ɗauka. Mawaƙin bai ce mana Delphis ya dawo ba. Abin da ya nuna shi ne yarinyar ta sami numfashi a rabi na biyu, wurin da ta faɗi abin da ya same ta daki-daki.

In kina son ganin asirin ba tare da rigar waƙa ba, akwai wata 'yar tsana ta yumɓu a gidan tarihi na Louvre a Faris, an samo ta a Masar, ta ƙarni na uku ko na huɗu bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Siffar mace ce a durƙushe, hannuwa ɗaure a baya, an soke ta da allura 13. Tare da ita akwai allon darma da wani mutum ya sa aka rubuta, yana neman kada matar ta ci, kada ta sha, kada ta sami barci har sai ta zo masa. Shi a ganinsa so ne. Ki duba da kyau: rashin ci da rashin barci su ne ainihin abin da mawaƙi ke cewa yana fama da su. Mai asiri ya ɗauki ciwon da ke jikinsa yana neman a ɗora wa wani. Masanin al'adu James Frazer, a littafinsa da ya fara fitowa a 1890, ya ce irin wannan aiki a kan zato biyu yake tafiya: abin da ya yi kama da abu zai yi tasiri a kansa, abin da kuma ya taɓa jikin mutum yana nan haɗe da shi. Kaki shi ne na farko, zaren mayafi ko suna ko hoto shi ne na biyu. Mawaƙi ya ce zuciya kamar kaki take, ya tsaya a kan "kamar". Mai asiri ya goge ta.

Tsarin launuka da kika gani kuwa, ja don sha'awa, ruwan hoda don ƙauna, kore don kuɗi, baƙi don korar sharri, ba tsoho ba ne ko kaɗan, duk da masu tallarsa na jingina shi ga Masar ta da. Kafin ƙarni na 19 kyandir na kakin zuma kayan coci ne da masu hali, talaka na kitse yake kunnawa, mai wari da hayaƙi. Sai da masanin kimiyya Michel Chevreul ya yi aikinsa a kan kitse a shekarun 1820, aka kuma fara samar da farafin da yawa a shekarun 1850, sannan kyandir mai araha da ake iya rinawa ya wadata. Tsarin ya yaɗu ne a Amurka, a cikin al'adar da baƙaƙen fata ke kira hudu (hoodoo), a birane irin su New Orleans da New York da Chicago, inda ya gauraya da ɗabi'ar Katolika ta kunna kyandir a coci. Wani ɗan littafi mai ɗauke da sunan Henri Gamache ya tsara shi a 1942, Raymond Buckland kuma ya kai shi ga mabiya Wicca, wani sabon addinin tsafi na Turawa, da littafinsa na 1970. Abin da ke yawo a waya yau jikokin waɗannan ne. Kuma da yawa daga cikin mabiya Wicca su da kansu suna hana yin aikin so a kan mutum da sunansa, suna cewa danne masa zaɓi ne. Wannan daban yake da kyandir da mabiya wasu addinai ke kunnawa don ibada ko tunawa da mamaci, inda ba a nufin juya kowa.

Yana ci? Babu wata hujja da ta nuna ƙona kaki a ɗakinki yana sauya zuciyar wanda ke wani wuri. Tasirin da aka tabbatar a kan mai kunnawa yake. Masanin al'adu Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand a lokacin yaƙin duniya na farko, ya lura ba sa yin tsafi in za su kama kifi a ruwan gaɓa mai kwanciya, sai in za su shiga tsakiyar teku inda ba su da iko da komai. Mutum yana neman abin da zai yi da hannunsa ne a inda ikonsa ya ƙare, kuma ba inda ikon mutum ke ƙarewa kamar zuciyar wani. Don haka ban ga abin kunya ba a ce ranki ya karkata. Zai ma iya ba ki natsuwa a daren farko. Matsalar tana dare na biyu zuwa na bakwai. A 2010 Helen Fisher da abokan aikinta suka duba ƙwaƙwalwar mutum 15 da masoyansu suka rabu da su, suka ga kallon hoton wanda ya tafi yana tayar da sassan da ke aiki wajen ƙwaɗayi da jaraba. Zama kowane dare ana kallon sunansa a jikin kyandir ciyar da wannan ƙwaɗayin ne a kan lokaci, shi ne zagayen faɗa-wuta da muka ambata. Sannan an gina abin ta yadda ba zai taɓa faɗuwa ba. In ya kira, kyandir ne. In bai kira ba, za a ce miki gilashin da kyandir ke ciki ya yi baƙi ko wutar ta yi rawa, alamar akwai mai tare hanya, sai an sake wani aikin da wani kuɗin. Alhali baƙin daga lagwanin da ya yi tsawo ne ko iskar da ta hana shi ci sosai, rawar wuta kuma iska ce. Na fi jin takaicin wannan ɓangaren, domin masu cinikin sun san wanda ke cikin bege ba ya ciniki.

Ta fuskar addini maganar ba ta da tsawo. Musulunci ya haramta sihiri, kuma hadisin Ibn Mas'ud da Abu Dawud ya ruwaito ya ambaci tiwala, wato abin da ake yi don cusa so, a cikin shirka. Attaura ma ta hana duba da sihiri. Amma akwai labarin da nake so ki ajiye kusa, yana cikin Bukhari. Da aka 'yanta Barira ta sami zaɓi, sai ta rabu da mijinta Mugis. Ya riƙa binta yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) ya nuna wa Abbas mamakin irin son da Mugis ke mata da irin ƙin da take masa, sannan ya ce mata ina ma ta koma. Ta tambaya, umarni ne? Ya ce ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa, aka kuma bar ta a kan haka. An ga hawayen Mugis, an tausaya masa, an yi masa magana, ba a kuwa taɓa zaɓin matar ba.

Shawarata ita ce ki yi abin da Simaetha ta yi a rabi na biyu. Ki ɗauki takarda ki rubuta yadda abin ya faru tun daga farko, da ƙananan abubuwan da ke dawo miki, ba sai ya yi kari ko amsa-amo ba. In kina son ma'auni, ki duba ko shi yana cikin rubutun a matsayin mutum mai nasa dalilai da nasa gajiya, ko kuwa abin da kika rasa ne kawai. Du Fu, wani mawaƙin Sin na daular Tang, lokacin da tawaye ya tsare shi a birnin Chang'an a 756, da ya ga wata bai fara da nasa kaɗaicin ba. Matarsa ya hango tana kallon watan ita kaɗai, raɓa ta jiƙa mata gashi, sanyi ya kama hannuwanta, yara kuma sun yi ƙanƙanta da su gane. Rubutu irin wannan yana sassauta riƙo, kuma sau da yawa a cikinsa ne mutum ke gane ko akwai sauran magana tsakaninsa da wancan.

In akwai, ki faɗa masa sau ɗaya, a fili, da bakinki ko ta hannun wanda ku biyu kuke ganin girmansa, sannan ki karɓi amsar da ya bayar, ko da shiru ce. In makonni suka shige ba kya iya ci ko barci ko aikinki, ki gaya wa wani na kusa, ki kuma ga likita, domin bege kan rikiɗe ya zama ciwon damuwa, shi kuwa yana da magani. Karatun waƙa a hasken kyandir ba laifi a cikinsa. Ki dai nisanta shi da labule da takarda, ki kashe kafin ki kwanta, don masu koyar da aikin dare bakwai sukan ce a bar shi yana ci ba a kashewa, kuma ta haka gobara ke tashi.